Rigimar “Ƙwaya” a Zauren Zumuncin Gida

Maman yarinya: Assalamu alaikum. Raina a ɓace yake shi ya sa na kawo nan. Kun san ta biyun tawa, mai shekara 13. Wata uku ke nan ba ta cin abin kirki, ta daina zuwa hadda, in ta dawo daga boko ko hijabi ba ta cirewa, sai ta kwanta ta fuskanci bango. Rannan tuwon darenta na tsinta a leda bayan katifa, ta ɓoye don kar in yi faɗa. Na kai ta asibiti, tun asuba muke layi, likitan bai yi minti goma da mu ba ya ce ciwon damuwa ne, ya rubuta mata ƙwaya. Yau kwana shida tana sha. Fisabilillahi minti goma ya isa a san abin da ke cin yarinya?

Kawu: Ƙwaya?! Innalillahi. A Kanon nan da ƙwaya ta gama da samari, ke kuma da hannunki kike miƙa wa ’yar cikinki?

Gwaggo: Wace damuwa kuma ga ’yar shekara 13? Haya take biya ko miji ne ya yi mata kishiya? A karɓe wayar hannunta ku ga aiki.

Maman yarinya: Gwaggo ba ta da waya.

Anti nas: Kawu don Allah a daina cewa ƙwaya, magani ne. Yaya, mene ne sunan da ke jikin kwalin?

Maman yarinya: Fluoxetine aka rubuta.

Anti nas: To, shi ne wanda aka fi gwadawa a kan yara. A Amurka an amince a ba mai shekara 8 zuwa sama. Ba ya bugarwa, ba a yin maye da shi, sai ya yi makonni kafin a ga aikinsa. Ɗan ƙwaya ba shi da wannan haƙurin.

Kawu: Duk abin da za a haɗiya ya taɓa ƙwaƙwalwa sunansa ƙwaya. Kodin ma ai maganin tari aka ce mana, sai da ya cinye yaran mutane sannan gwamnati ta hana shi a 2018.

Auta: Kawu, Panadol ɗin da ke aljihun rigarku fa? Shi ma ƙwaya ne ai.

Kawu: Kai da aka yi wa kaciya jiya, don ka shiga BUK shi ne za ka fassara min Hausa?

Auta: Allah ya huci zuciyarku. Amma ni ma ba na bayan maganin. A 2004 hukumar magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi mafi tsanani a kan irinsa, saboda a gwaje-gwajen yara, kusan 4 cikin 100 na masu sha sun samu tunani ko yunƙurin kashe kansu, masu shan na bogi (wanda ba magani a cikinsa, don kwatantawa) kuma 2.

Kawu: Kun ji ko! Allah ya yi maka albarka. Ƙwayar kisan kai ce.

Gwaggo: Yanzu kuma ya zama ɗan albarka?

Anti nas: Auta, ƙarasa karatun mana. A cikin waɗancan gwaje-gwajen ba yaron da ya mutu. Kuma ciwon da kansa, in an bar shi, shi ne babban mai kai mutum can. Abin da gargaɗin ke nufi a sa ido sosai a makonnin farko. Yaya, maganin ya zauna a hannunki, ke za ki riƙa ba ta. In kin ga ta kasa zaune ta kasa tsaye, ko barci ya ƙaurace mata, ko ta ambaci mutuwa, a ranar ku koma asibiti.

Malam: Ni dai na ga alamun sammu ko shafar aljanu. A yi mata ruƙiyya. Ban ce kar a je asibiti ba, hadisi ya tabbata cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta.

Kawu: Magani aka ce Malam, ba a ce ƙwaya ba.

Gwaggo: Mu dai a danginmu ba wanda ya taɓa taka asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau. A bincika can ɓangaren uban. Kuma a rufa maganar nan, gobe masu neman aure su ji an ce tana shan maganin masu taɓin hankali.

Matar Yaya Babba: Gwaggo, ɓangaren uban ai ɓangarena ne, ɗan ƙanin babana ne. In da magana a fito fili a faɗa.

Gwaggo: Wanda ya tsargu shi ya sani.

Matar Yaya Babba: Tun rabon kayan sunan bara nake lura da ku, na dai yi shiru ne don girma.

Anti nas: Jama’a, maganar Yaya fa tana da ƙamshin gaskiya, kun bar ta. Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi kar a ba ’yan ƙasa da 12, matasa kuma a fara da zaman tattaunawa da ƙwararre, in bai yi ba a duba fluoxetine. A Ingila ma ba a farawa da magani in ciwon mai sauƙi ne. To amma yarinyar da ke ɓoye tuwo wata uku, ni ba zan ce nata mai sauƙi ba ne. Ki koma ki nemi a haɗa mata da zaman, ki tambaye shi dalilinsa.

Kawu: Ku ma’aikatan asibiti ai bakinku ɗaya.

Maman yarinya: To ni yanzu na gobe da safe, in ba ta ko kar in ba ta?

Yaya Babba, mai kula da zaure: Ya isa haka. Na bi komai daga farko. Abin da aka tsaya a kai: mafi yawanmu, har da Kawu da ya haife mu, ba su yarda a ɗora ƙaramar yarinya a kan ƙwaya ba. Ita kanta nas ɗinmu ta amsa cewa Turawan da suka ƙera ta sun yi gargaɗi, kuma ba da ita ake farawa ba. Malam zai je gidan bayan la’asar. Gwaggo kuma a riƙa tauna magana, iyalina ba abin wasa ba ne.

Anti nas: Yaya Babba ba haka na ce ba. Yaya, ki ba ta, kar ki tsayar da shi sai kin ga likita. Ɗaga wayarki, ni ce nake kira.

Yaya Babba, mai kula da zaure: Na rufe zaure sai bayan isha’i.