Narkewar ƙanƙarar Tekun Aktik: riba ce ga halittun ruwa ko asara?

Bashir: Jama'a, kullum ana kuka kan narkewar ƙanƙarar Tekun Aktik, can ƙurewar arewacin duniya, amma ƙananan tsirran nan da ke yawo a ruwa, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin bincike, wato filankiton, su kam kakarsu ta yanke saƙa. Masana na Jami'ar Stanford sun wallafa a 2020 cewa yabanyarsu a tekun ta ƙaru da kashi 57 cikin ɗari daga 1998 zuwa 2018. Ƙanƙara ta janye, rana ta ratsa ruwa, su kuma suna zuƙe iskar kabon. Ina asarar take?

Malama Hadiza: Alƙalumanka daidai ne, Bashir. Sai dai ka tambaya, wane iri ne ya ƙaru, kuma a ina? Ruwan da ƙanƙara ke narkarwa ba shi da gishiri sosai, don haka ba nauyi. Sai ya kwanta a sama ya danne ruwan ƙasa mai ɗauke da sinadarin naitiret, wanda shi ne takinsu. Gona ce ga rana amma ba taki. A ɓangaren tekun da ke arewa da Kanada, binciken 2009 ya gano mafi ƙanƙanta ne ke yaɗuwa, masu ɗan girma na raguwa. Alhali manyan, irin su dayatom masu ɓawon gilashi, su ne ke nutsewa da kabon zuwa ƙasan teku.

Bashir: Malama, ai a 2011 ayarin NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ya tarar da filankiton jingim a ƙarƙashin ƙanƙarar Tekun Chukchi, tsakanin Alaska da Rasha, kuma dayatom ne akasarinsu.

Malama Hadiza: Chukchi ba zurfi, kuma ruwan Pasifik na shigo mata da abinci ta mashigar Bering. Ba a auna tsakiyar teku da ita.

Usman: Ni abin da ke damuna masu cin tsirran ne. Akwai ɗan ƙwaron ruwa mai suna Calanus glacialis, cike yake da kitse. Uwar tana cin gansakukar da ke manne a ƙasan ƙanƙara ta saka ƙwai, 'ya'yan kuma su taso daidai lokacin da filankiton ya yi yawa. In ƙanƙara ta fashe da wuri, lissafin ya wargaje. A Tekun Barents, arewa da Norway da Rasha, ruwan Atilantika mai ɗumi na kawo ɗan'uwansa finmarchicus, wanda bai kai shi girma ko kitse ba. Tsuntsayen tsibiran Svalbard na Norway da ke ciyar da 'ya'yansu da glacialis sai sun ƙara wahala kafin su ƙoshi.

Bashir: To Yaya Usman, me za ka ce kan kifayen whale na arewacin Alaska? Yawansu ya ƙaru, an kuma ga sun yi ƙiba a shekarun da ƙanƙara ta ragu.

Usman: Wannan gaskiya ne, su sun samu.

Anti Rabi: Ba kowane filankiton ake murna da shi ba fa. Wani iri mai suna Alexandrium na fitar da guba mai shanye jiki. An gano ƙwayoyinsa birjik kwance a ƙasan Chukchi, da sanyi ke danne su, yanzu ɗumi na tashe su. A 2022 ya yi mummunar yaɗuwa a yankin Bering. Mutanen gaɓar nan daga teku suke ci, kuma an samu gubar a jikin dabbobin da suke farauta. Wannan ya fi tsaya mini a rai.

Malama Hadiza: Ga kuma zancen zafi. Farar ƙanƙara na mayar da mafi yawan hasken rana sama, buɗaɗɗen ruwa kuwa na shanye sama da kashi 90. Wannan na cikin dalilan da suka sa tun 1979 yankin ke ɗumama kusan ninki huɗu na saurin sauran duniya.

Bashir: Na ji na zafi da na guba. Amma kan yawan abinci a Barents da Chukchi, ina nan kan bakana.