Jakar fayiloli ta ƙi buɗuwa a faifan ajiyar da na ciro

Tambaya: Assalamu alaikum. Kwamfutar ƙanina ta lalace, sai na ciro faifan ajiyarta na haɗa da tawa, amma jakar Users tana cewa ba ni da izini. Mece ce mafita?

Amsa ta farko: Wa'alaikumus salam. Tsarin NTFS, wato yadda Windows ke ajiye fayiloli a faifai, yana ɗaure kowace jaka da lambar asusun mai ita, shi ya sa Windows ɗinka ya hana ka. Ka shiga da asusun Administrator, ka buɗe Properties na jakar, ka bi Security, Advanced, ka mayar da mallakar jakar gare ka har da abin da ke cikinta.

Amsa ta biyu: Malam, gara ka kwafe fayilolin da Linux (wani tsarin sarrafa kwamfuta daban da Windows) tukuna, domin yawanci ba ya kula da wannan izinin.

Amsa ta uku: Idan an kulle faifan da BitLocker, wato makullin Windows mai ɓoye bayanan faifai, sai da mabuɗi mai lambobi 48, wanda galibi yana asusun Microsoft na ƙaninka.