Na samu gurbin karatun wasan kwaikwayo, amma bakin tsofaffin ɗalibai ya rabu biyu

'Yar Gombe:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Shawara nake nema a kan wani al'amari da ya zama dole in yanke cikin mako biyu. JAMB ta ba ni gurbi a sashen wasan kwaikwayo na wata jami'ar tarayya a nan Arewa, kuma ni na nemi karatun da kaina, domin tun ina sakandare nake shirya wasa a duk bikin yaye ɗalibai. Da na shiga bincike sai na tarar bakin tsofaffin ɗaliban sashen ya rabu biyu. Wasu sun ce a can suka koyi tsayuwa gaban jama'a da rubuta wasa da jagorancin mutane, wasu kuma sun ce karance-karance ne kawai da jarrabawa, kayan aiki sun tsufa, har mutum ya gama bai taɓa tsayawa gaban kyamara ba. Mahaifina ya amince bisa sharaɗin kada dare ya riƙa yi mini a waje, saboda haka ina so waɗanda suka yi karatun su gaya mini ƙarfe nawa ake tashi daga atisaye. Ina kuma son sanin ko ana yin wasanni da Hausa, sannan ko ya fi mini in haƙura da wannan gurbin in nemi makarantar koyon fim ta Jos baɗi. Allah ya saka da alheri.

Uwar Marayu:
Wa alaikumus salam 'yata. Ni shawarata ki je ki nemi canjin kwas tun da wuri, ki koma aikin jarida ko aikin jinya, domin 'ya mace tana buƙatar karatun da za ta riƙe ko a ɗakin mijinta. Ɗiyar maƙwabciyata jinya ta karanta, yanzu ita take ɗauke da ƙannenta uku. Allah ya zaɓa miki mafi alheri.

Ɗan Tudun Wada:
Ƙanwata, ni na yi wannan karatun, kuma zan gaya miki abin da na so a ce wani ya gaya mini kafin in shiga. Na fara a 2018 da tunanin shekara huɗu, ban fito ba sai 2024, saboda yajin aikin malaman jami'o'i na 2020 da kuma na 2022, wanda shi kaɗai ya cinye wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Wannan bai dame ni sosai ba, tunda kowa ya shafa. Abin da ya ci mini rai shi ne yadda ake rabon matsayi a wasannin sashenmu. Mun fi mutum saba'in a aji, wasa kuwa ba ya ɗaukar manyan 'yan wasa fiye da shida ko bakwai, kuma fuskokin da aka zaɓa a aji ɗaya su ne aka yi ta maimaitawa har muka gama. Ni da ire-irena mu ne 'yan ɗaukar katako, mu ne masu shafa fenti, mu ne taron jama'a da za su shigo su yi hayaniya su fita. A shekara ta ƙarshe kowannenmu ya ba da naira 45,000 na karo-karon wasan kammalawa, aka ɗinka kaya aka yi hayar fitilu, ni kuwa duk abin da na furta a kan dandamali bai wuce jimla biyu ba. Mahaifiyata awakinta ta sayar ta aiko mini da kuɗin nan.

Da na gama hidimar ƙasa na ɗauki kwalina na nufi Kano da ƙwarin gwiwa. Ranar da aka fara gwada ni a lokeshin, daraktan ya dakatar da ni tun ban kai rabi ba, ya ce ina ɗaga murya ina watsa hannuwa kamar mai wasan daɓe, kyamara ba ta son haka. Gaskiya ya faɗa, domin an koya mana yadda na kujerar ƙarshe zai ji mu, ba a koya mana yadda ake wasa da ido kaɗai ba. Babu wanda ya tambaye ni kwali ko sau ɗaya. Yanzu adabin Turanci nake koyarwa a wata makaranta mai zaman kanta. Idan fim kike so ki yi, kada ki ɓata shekarunki.

'Yar Aji Uku:
Yaya, Allah ya huci zuciyarka, amma kuɗin da ka faɗa ya ba ni mamaki. Ni yanzu haka ina aji uku a irin wannan sashen, kuma ban taɓa ba da abin da ya wuce naira 15,000 a zango ɗaya ba, domin kayan sawa daga gida muke kawowa, katako kuma na bara ake warwarewa a sake amfani da shi. Abin da ya yi tsada kuɗin rajista ne, tun ƙarin da jami'o'in tarayya da dama suka yi a 2023, shi ma wasu daga cikinmu da bashin karatu na NELFUND suke biya.

Baban Sadik:
To ni kuwa ƙanena da nake ɗaukar nauyinsa naira 80,000 ya karɓa a hannuna bara da sunan wasan kammalawa, kuma ya nuna mini takardar lissafin rukuninsu, har da kuɗin man janareta da na wanda zai ɗauki wasan a bidiyo. Ko dai makarantu sun bambanta, ko kuma akwai wanda ba a gaya wa gaskiya ba a cikinmu.

Malam Mai Ritaya:
'Yata, ni a Jami'ar Ahmadu Bello na yi wannan karatun a farkon shekarun 1980, lokacin yana ƙarƙashin sashen Turanci. A 1975 aka fara shi, Michael Etherton ne ya jagoranci kafa shi, kuma ɗakin wasanmu da laka aka gina shi bisa fasalin gidan Bahaushe, da zagayayyun ɗakuna da fili a tsakiya. Abin da ya fito da sunan Zariya shi ne wasan kwaikwayo domin cigaban al'umma. Ana tura ɗalibai cikin Samaru da ƙauyuka su zauna da mutane, su ji matsalarsu ta ruwa ko taki ko tsafta, sannan su mayar da ita wasa a gabansu da harshen da suke ji, bayan an gama a zauna a tattauna. Mun kuma yi nazarin tashe da wasan gauta da 'yan kama, abubuwan da muka taso muna gani ba mu san ilimi ba ne.

Na faɗi wannan ne domin a gane inda saɓanin tsofaffin ɗalibai ya samo asali. Jami'a ba ta taɓa alƙawarin za ta mayar da kowa jarumi ba. Wanda ya shiga yana son rubutu da bincike da aiki da jama'a zai fito yana yabo, wanda ya shiga yana jiran kyamara zai fito yana kuka, kuma dukansu ba ƙarya suke yi ba. Cikin abokan karatuna akwai waɗanda suka yi aikin rediyo da talabijin har suka yi ritaya, akwai waɗanda ƙungiyoyin wayar da kai suka ɗauka. Ɗana na Tudun Wada, ɗaukar katakon da ka raina ma karatu ne, domin wanda bai san bayan dandamali ba ba zai iya riƙe gabansa ba.

Ɗan Tudun Wada:
Baba, ina girmama ka ƙwarai, amma zamaninku ku nawa ne a aji? Karatun da aka yi shekara arba'in da suka wuce, da ɗalibai kaɗan da malamai masu lokacin kowa, ba shi ne wannan yarinya za ta tarar ba. Shawarar wanda ya fito jiya ita ya kamata ta saurara.

'Yar Aji Uku:
Idan haka ne, Yaya, ai ta wanda yake ciki yau ta fi ta wanda ya fito jiya. Mu a ajinmu wanda ya riƙa zuwa atisaye ba fashi, ya haddace sashen wani ko da ba nasa ba ne, shi ake sakawa ranar da mai matsayin bai zo ba. Da haka na samu babban matsayi a zangon da ya wuce.

Bakanon Dabo:
Malam, ku Zagezagi kun gina ɗakin wasa da laka kun yi shekara hamsin kuna koyarwa, amma har yau idan bawa ya gama karatunsa wajen iyayen gidansa Kanawa yake zuwa neman aiki. A riƙa gaishe da manya.

Malam Mai Ritaya:
Bawana, kasuwa taku ce, ba mu musa ba, amma duk Bakanon da yake son ya san abin da yake sayarwa sai ya hau mota ya zo Zazzau.

Na Bayan Kyamara:
Da izinin manya, ni ban yi jami'a ba, amma na shekara goma sha biyar a lokeshin, daga riƙon fitila har na kai ga ɗaukar hoto, saboda haka ina ganin wanda yake cikin sana'ar shi ya fi cancantar a ji ta bakinsa. Masana'antar nan daga ƙungiyoyin wasan daɓe ta fito. Ƙungiyar Tumbin Giwa ce ta yi Turmin Danya a Kano a 1990, marigayi Samanja kuwa tsohon soja ne, kuma duk Arewa babu wanda bai san shi ba. Har gobe fuska da kafar shiga ake dubawa wajen ɗaukar ɗan wasa. Sai dai zan faɗi gaskiya ɗaya, inda muke da giɓi shi ne marubuta labari da masu haɗa sauti da masu tace hoto, kuma a nan mai ilimi yake yi mana nisa. Makarantar Jos da ƙanwarmu ta ambata tana ƙarƙashin Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, kuma ƙarfinta yana wajen ba da umarni da kyamara da tacewa ne. Duk wanda na yi aiki da shi daga can ya san kayan aikinsa. Amma ko da kwali ko babu, matsalar sabon shiga ɗaya ce, wato sallama. Na sha ganin yaro ya wuni tun safe har dare a lokeshin, a ƙarshe a ba shi kuɗin mota kawai a ce ai an taimake shi an nuna fuskarsa.

Ɗan Tudun Wada:
Ka taɓo inda yake yi mini ƙaiƙayi. Wani furodusa ya sa ni a fim mai dogon zango, na yi fitowa tara cikin kwana huɗu da kuɗin motata da abincina, ya ce sai an ɗora a YouTube kuɗi sun shigo za a sallame mu. Fim ɗin ya fita, na gan shi da idona, yau shekara guda ke nan ko wayata ba ya ɗauka.

Gimbiyar Daɓe:
Kai an ma sa ka a fim. Ni wasu ne suka ce suna ɗaukar sababbin fuskoki, suka karɓi naira 10,000 a hannun kowannenmu da sunan fom da katin shaida, mun fi mu talatin, aka tara mu sau biyu ana gwaji, daga nan ofishin ya koma shagon sayar da waya. Mata aka fi yi wa haka, domin an san ba za mu iya kai ƙara ba tare da an ji a gida ba. Ya kamata ƙungiyoyin masu shirya fim su fitar da tsari a rubuce, yadda sabon shiga zai san wanda yake da rajista da wanda ba shi da ita.

Baban Sadik:
Tun 2001 akwai Hukumar Tace Fina-finai a Kano, akwai kuma MOPPAN, ƙungiyar masu sana'ar shirya fim. Kun taɓa kai musu kokenku a rubuce? Wanda bai kai ƙara ba bai kamata ya ce ba a bi masa hakkinsa ba.

Na Bayan Kyamara:
Alhaji, da wace takarda za su kai ƙarar? Yawancin aikinmu da baki ake ƙulla shi, babu yarjejeniya babu shaida, kuma yaron da ya ɗaga murya yau ya san gobe ba za a kira shi aiki ba.

'Yar Gombe:
Na gode ƙwarai iyayena da yayyena, na karanta duka, Allah ya bi wa waɗanda aka zalunta hakkinsu. Saura kwana tara wa'adin ya cika. Yaya 'Yar Aji Uku, don Allah har yanzu ina jiran amsar lokacin tashi daga atisaye, domin da ita zan koma wajen mahaifina.

Gimbiyar Daɓe:
Na Bayan Kyamara, ni ina da shaida, domin rasit ɗin da suka ba ni yana nan a ajiye, da hatiminsu da kwanan wata. Mu huɗu ne muke da irinsa. Idan akwai wanda ya san inda ake kai irin wannan ƙara ba sai sunan mutum ya fita ba, ya taimaka ya gaya mana.