Kwamfutata na cijewa in ina editin bidiyon biki, me zan fara canzawa?

Mai_Kyamara:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san kan kwamfuta. Ina da ɗan studiyo a Kano, aikina ɗaukar biki da suna da walima, sai gyaran hoto da katin gayyata a Photoshop. Kwamfutar Dell OptiPlex 7050 ce, siririyar nan da ake kwantarwa a kan tebur, tokumbo na saye ta, i5-7500, RAM 8GB, HDD 1TB, babu katin girafik sai na cikin firosesa. Da can da nake 1080p lafiya lau muke, to yanzu amare sun waye kowa 4K take so, ga ƙawaye su turo maka bidiyon iPhone su ce lallai a saka, da na jefa a Premiere Pro sai ta fara cijewa, hoto na gaba murya na baya, in na ɗora kala kuwa sai dai in je in yi sallah in dawo. Fitar da bidiyo kwana take yi, in aka ɗauke wuta an koma farko. Wani abokina ya ce in sayi katin girafik RTX 3060 kawai magana ta ƙare. Kuɗin hannuna ba zai ɗauki komai lokaci ɗaya ba, da me zan fara?

Injiniya_BeirutRoad:

Wa alaikumussalam ɗan'uwa. Kar ka sayi 3060 ɗin nan, wallahi ko shiga akwatin ba zai yi ba. Siririyar 7050 kati gajere take ɗauka, kuma fawa saflai ɗinta wat 180 ne gaba ɗaya, shi kuwa 3060 shi kaɗai wat 170 yake ja, ga shi yana son wayar wuta tasa daban mai baki 8 wadda taka ba ta da ita. Kuma ba za ka ce bari in canza fawa ba, don na Dell soket ɗinsa daban ne da na kasuwa.

Abin da za ka yi yau, kyauta: buɗe aikin da yake cije maka, danna Ctrl da Shift da Esc, Task Manager zai fito, ka shiga Performance ka kunna bidiyon kana kallo. Wanda ya cika ya tsaya a sama shi ne mai laifin. Ni tun daga nan na san HDD da RAM za ka gani. HDD mai faifai da kyar yake wuce 150MB a daƙiƙa, SSD (ma'ajiya marar faifai) na SATA kusan 550MB, SSD irin NVMe kuwa yana haura 3000MB, kuma madabod ɗinka na da gurbin M.2 da ake saka NVMe, yana nan zaune ba kowa a ciki. Saka NVMe ko 500GB ne, ka ɗora Windows da Premiere da cache (fayilolinsa na wucin gadi) da aikin da kake kai a ciki, tsohon HDD ya koma ma'ajiya.

Sai RAM. Su kansu Adobe 16GB suke cewa don HD, 32GB don 4K, kai kana fama da 8, kuma girafik na cikin firosesa ma a cikin 8 ɗin yake gutsurar nasa. Gurbi huɗu gare ka, DDR4 na desktop dogon, kar a ba ka gajeren na laptop. Ka sayi biyu iri ɗaya 16GB da 16GB ka saka a gurbi masu launi ɗaya su yi aiki tare, ya fi guda ɗaya mai 32GB sauri.

Editan_Zariya:

Injiniya ya faɗi gaskiya amma akwai abin da ya tsallake. Ko ka saka RAM 64GB, i5 mai ƙwaƙwalwa huɗu (core) ba zai ji daɗin 4K na H.265 ba, domin matsattsen bidiyo ne, kafin ya nuna maka hoto ɗaya sai ya yi lissafin na gabansa da na bayansa. Maganin firoksi ne malam. Premiere zai yi maka ƙananan kwafi marasa nauyi ka yi editin da su sumul, in ka zo fitarwa ya ɗauko na asali da kansa, ko kwabo ba za ka kashe ba, ka saka su suna yi da daddare kana barci. Bidiyon wayar ƙawayen amarya kuma gudun firam ɗinsa ba tsayayye ba ne, yana hawa yana sauka, shi ya sa murya ke barin hoto. Ka wuce da shi ta manhajar HandBrake ka mai da shi tsayayye kafin ka shigar.

Kati kuma ni ban ce a yafe shi ba, kala da rage hayaniyar hoton dare na ɗakin taro duk kati suke so. Akwai RTX 3050 mai 6GB da ya fito a 2024, wat 70, daga madabod yake shan wuta, akwai gajerensa, ko GTX 1650 gajere. Amma ka auna wurin tukuna, ramin katin a siririyar nan manne yake da fawa saflai, mai kauri ba ya zama. Kuma in aka nuna maka RX 6400 aka ce ai shi ma gajere ne ga sauƙi, ka wuce, ba shi da injin matse bidiyo, don wasa aka yi shi.

Hajiya_Zane:

Ni zane nake yi da gyaran hoto ba bidiyo ba, amma bari in sa baki. Kun manta da wuta. Mutum ya ce in aka ɗauke ya koma farko, UPS fa? Ko na minti goma ne ka samu ka yi sebin ka kashe ta cikin mutunci ko a tada janareto. Sannan ƙurar hunturu, ka buɗe akwatin ka hure fanka, in man firosesa ya bushe a canza, zafin Afrilu in ya haɗu da ƙura da kansa firosesa ke rage gudu don kar ya ƙone.

Kuma kar ka zuba kuɗi da yawa a wannan injin. Firosesa ƙarni na 7 ce, Windows 11 daga na 8 ta fara karɓa a hukumance, Windows 10 kuma Microsoft ta daina kula da ita tun 14 ga Oktoba 2025. Sayi abin da zai bi ka sabon gida: SSD zai bi ka, DDR4 ma zai bi ka in ka haɗa da Ryzen 5 5600 ko i5-12400 a madabod mai DDR4. Gajeren kati kam kuɗinsa ya fi ƙarfinsa. In akwai saura ka duba monita mai IPS, ta fi nuna kala daidai, don atamfar da ka gyara ta yi ja a sikirinka ta fito ruwan goro a wajen masu buga hoto, uwar amarya kai za ta nema.

Mai_Kyamara:

Allah ya saka da alheri, na gode ƙwarai. Na duba yadda Injiniya ya ce, disk a 100% yake, RAM 7.4 cikin 8, firosesa yana hawa yana sauka. NVMe da RAM zan fara, UPS ƙarshen wata in Allah ya yarda. Tambaya ɗaya, SSD tokumbo yana da matsala? Sannan in canza zuwa i7-7700 ko in bari?

Injiniya_BeirutRoad:

i7-7700 zai shiga, soket ɗaya ne, amma shi ma ƙwaƙwalwa huɗu ne sai dai zare takwas, wato kowace na iya riƙe aiki biyu, za ka ga ɗan bambanci wajen fitarwa amma ni da kuɗin gara ka tara na injin da Hajiya ta faɗa. SSD kuma sabo ka saya in da hali, aikin mutane ne a ciki kuma biki ba a maimaita shi. In dole sai tokumbo, ka je da manhajar CrystalDiskInfo a filashi, a saka a gabanka ka ga lafiyarsa da awannin da ya yi yana aiki kafin ka biya. RAM kam tokumbo ba laifi, ka dai sa a kunna kwamfutar a shagon ka ga 32GB ta bayyana. Kuma kafin a taɓa komai ka kwashe bidiyon mutane zuwa wani disk na waje, sannan ranar da za a ɗora Windows a cire wayar tsohon HDD ɗin tukuna, kar yaron shago ya goge wanda ba shi ba.