Wace kalma za mu ba kuɗin da gwamnati ke ba mai bincike?

1/ 'Yan'uwa, a taya ni neman kalma. Ƙanwata tana koyar da lafiyar al'umma a nan Gombe. Ta samu abin da Turawa ke kira grant, za ta bi sawun mutanen da kububuwa ke sara a gonakin Kaltungo: awa nawa suke yi kafin su isa asibitin saran maciji, kuma wurin wa suke fara zuwa. Da ta gaya wa Baba, sai ya ce, "Yaushe za ki biya?" Ta ce ai ba bashi ba ne. Inna ta ce to kyauta ce ke nan, a gyara rufin ɗaki kafin damina. Ban ga laifinsu ba. Mu da muka yi boko ne ba mu kawo musu sunan abin ba.

2/ Ga yadda abin yake. Kai za ka rubuta tambayar da kake son amsawa, da hanyar da za ka bi, da kasafin abin da za ka kashe, masana su duba su zaɓa. Kuɗin galibi asusun makaranta ko asibiti yake shiga, ba aljihunka ba. Ba a mayar da shi, amma ana jiran rahoto da rasit. A nan gida TETFund, hukumar asusun tallafa wa manyan makarantu wadda dokar 2011 ta kafa, tana ba malaman manyan makarantun gwamnati irinsa, ƙanana da manya. A Amurka hukumar binciken lafiya ta NIH tana da wani ƙarami mai suna R03, galibi ba ya wuce dala 50,000 a shekara, kuma shekara biyu ne iyakarsa. Irin waɗannan ƙananan nake nufi.

3/ Na san za a ce tallafi, haka rediyo ke faɗa. Amma tallafi ya ɗauki kaya da yawa: na mai, na taki, na karatu. Tun da aka cire na mai a 2023, in ka ce tallafi a Tudun Wada ko Jekadafari, layi da buhun shinkafa mutum yake hangowa. Tallafi ana karɓa ne a yi godiya a tafi, ba mai biyo ka da tambaya.

4/ Na duba kalmar jari da ta kwangila. Jari riba yake nema. Kwangila kuwa mai bayarwa ne ke faɗin abin da za a yi, alhali a nan tambayar ta mai bincike ce. Na wuce su.

5/ Wata Hajiya da ta daɗe a aikin jinya a Bauchi ta ce mini, "Ɗana, ku ce amanar bincike." Wallahi na so wannan, kwana biyu ina juya ta. Ta ɗauko ainihin nauyin abin: kuɗi a hannunka amma ba naka ba, kuma za a tambaye ka. Inda ta karye shi ne bakin mutane. Mu da "ci" muke faɗin nasara: ya ci jarrabawa, ya ci zaɓe, a jami'a ma ana cewa wane ya ci girant. To ranar da za a taya ƙanwata murna a ce ta ci amanar bincike fa? Yabo ya koma zagi. Kalmar da ba za a iya yin barka da ita ba, ba za ta zauna ba.

6/ Wadda zuciyata ta kwanta da ita, a bakin wani dattijo na ji ta, tsohon malamin firamare. Na yi masa bayani, ya ce, "Malam, ai guzuri aka ba ta." Ku duba. Guzuri ba a biya, amma ba a cinye shi a gida. Sai tafiya ta tabbata ake ɗaura shi, an san inda za a, an auna shi daidai nisan hanya. Ɗan aiken da aka ba guzuri kuma dole ya dawo da amsar saƙo, ko mai daɗi ko mara daɗi, kuma haka bincike yake, ko abin da ka zata bai fito ba sai ka rubuta. Ga shi guzuri ba ya yawa, kuɗin mota ne da na takardun tambayoyi da ɗan abin da za a ba masu taya ka zagaya ƙauyuka.

7/ Na yarda bai faɗi maganar rasit ƙarara ba, wannan sai an ƙara da baki. Saboda haka ga matsayata: manyan na miliyoyi masu yawa su ci gaba da zama tallafin bincike a takardun ofis, ƙananan kuwa mu ce guzurin bincike. Ta nemi guzurin bincike, an ba ta, ta kawo bayanin guzuri. Duk sun zauna a baki.

8/ Jiya ƙanwata ta koma wurin Baba ta ce, "Baba, gwamnati ce ta ba ni guzurin bincike." Bai sake maganar biya ba. Cewa ya yi kwana nawa za ta yi a Kaltungo, kuma ta sayi takalmin roba mai tsawo kafin ta shiga gonakin.