Wane suna za mu ba "humanities" da Hausa?

'Yan'uwa, ku taya ni. Mu matasan unguwa a nan Argungu muna haɗa takardar neman tallafi don mu naɗi muryoyin tsofaffin masunta kafin ƙasa ta rufe musu ido: yadda ake ɗinka homa, yadda ake hawa gora a ruwa, kirarin da ake yi wa Sarkin Ruwa a bakin Matan Fada. Masu ba da irin wannan kuɗi suna kiran aikin "public humanities", wato nazarin harshe, tarihi, adabi da falsafa da ake yi tare da jama'ar gari. Da na tashi yi wa dattawa bayani a zaure, sai bakina ya mutu.

Na fara da "fasaha", tunda haka jami'o'i ke kiran tsangayar wannan fanni. Amma yau in ka ce fasaha, hankalin yaro kwamfuta yake tafiya, saboda "kimiyya da fasaha" ta cinye kalmar. "Adabi" kuwa ya yi kaɗan, bai ɗauki tarihi da falsafa ba.

Ni dai raina ya so "ilimin gado". Ai gado ne: gidan tarihi na Kanta, bikin kamun kifi da aka faro a 1934 lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, wanda UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa cikin jerin al'adun gado na duniya a 2016. Sai wani malamin zaure ya ce min, "Ɗana, ilimin gado yana da mai shi. In ka faɗa a Gwandu, rabon dukiyar mamaci za a ɗauka kana nufi." Gaskiyarsa, na janye.

Wata malama daga Zuru ta kawo "ilimin ɗan Adam". Ya matso, sai dai likita ma ɗan Adam yake karanta.

Inda na tsaya yanzu shi ne "ilimin mutuntaka". Mutuntaka ita ce abin da ya sa mutum ya zama mutum: harshensa, tarihinsa, waƙarsa, addininsa, yadda yake gaisuwa da yadda yake makoki. Dattijon da ya shekara sittin yana su ya ji kalmar ya gyaɗa kai, bai nemi ƙarin bayani ba.

Ɗaya rabin, wato kalmar "public", ya fi ba ni tsoro. Kada mu ce "na gwamnati". A Amurka tun 1965 gwamnati ke da asusun wannan fanni, amma kuɗin kan gangara zuwa ɗakunan karatu da gidajen tarihi na ƙananan garuruwa, mutanen gari su yi aikin da kansu. In muka ce na gwamnati, kowa zai naɗe hannu ya jira Birnin Kebbi, attajiran gari su ce ba ruwansu. "Na al'umma" nake so, don mai ba da naira dubu ma ya san da shi ake.

To, "ilimin mutuntaka na al'umma" zan rubuta a takardar. Mutanen Yawuri da Jega, in kuna da wadda ta fi wannan daɗi a baki, ku kawo kafin Juma'a.