Wormwood: tazargade ne, amma wane tazargaden?

Masu fassara, ku matso. Me za mu kira tsiron da Turawan Ingila ke ce wa wormwood? Sunansa na kimiyya Artemisia absinthium, wanda Linnaeus ɗan ƙasar Suwidin ya raɗa masa a 1753. Da kansa yake fitowa a gefen hanya da busassun filayen Turai, ganye toka-toka, ƙananan furanni rawaya. Ɗaci kuwa, ko maɗaci ya san da zamansa.

Wani malami a cikinmu ya kawo shawarar "itacen tsutsa", wato fassarar worm da wood kai tsaye. Malam, a yi haƙuri, wannan ba ta zauna ba. Gaskiya ne an daɗe ana shan sa don tsutsar ciki, amma tsayinsa bai cika wuce mita ɗaya ba, kuma Bahaushe zai ɗauka itacen da tsutsa ta cinye ake nufi.

Wata Hajiya kuma ta ce "shuwakar Turai". Danginsu ɗaya, ban musa ba. Sai dai shuwaka miya ake yi da ita, shi kuwa wannan yana ɗauke da sinadarin thujone, wanda in ya yi yawa yake sa mutum jijjiga. Da shi ake haɗa barasar absinthe da Faransa ta haramta a 1915. Kada suna ya kai shi tukunya.

Larabawa suna da afsantin, amma wa zai gane ta a kasuwar Kurmi?

Ni tazargade nake goyon baya, domin shi ne sunan da muke da shi na 'yan gidan Artemisia. Matsalar ita ce, tun da Madagaskar ta fito da maganinta na korona a 2020, da yawa in an ce tazargade Artemisia annua suke ji, wanda daga cikinsa Tu Youyou ta ƙasar Sin ta fitar da maganin zazzaɓin cizon sauro, har ta sami kyautar Nobel a 2015. Tsirrai biyu ne daban. In muka bar su da suna ɗaya, wata rana wani zai dafa na Turai wa yaro mai zazzaɓi.

Don haka: absinthium, tazargaden Turai, annua, tazargaden Sin. A rubutun magani kuma a riƙa haɗawa da sunan kimiyya a ambaton farko. Masu maganin gargajiya da ke cikinmu, kunnenku ya karɓa?